Iskar da Mai Walda Ya Bayar Haya

Wasiƙar ta zo ranar Talata da hantsi, Mai Walda yana durƙushe a bakin shago yana haɗa ƙyauren wani gida. Ya ɗage baƙin tabarau, ya karɓe ta da yatsa biyu don kada ya ɓata ta da maiƙo, ya ga tambarin kamfanin sadarwa a kusurwa, sai ya cusa ta a aljihu ya koma kan aikinsa. Karatunsa bai wuce lambobin awo da rubuta sunansa ba, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. Takarda a gidan nan aikin Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe, wadda take buga takardu a ofishin wani lauya. In yana son tsokanarta, Lauya yake kiranta.

Gidan ba wani babba ba ne. Shago a gaba mai rufin kankare, ƙofa a bayan shagon, sai tsakar gida da ɗakuna uku. A kan rufin shagon kamfanin ya kafa kayansa shekara huɗu da suka wuce: wani farin faranti kamar murfin babbar tukunya, da akwati mai 'yan fitilu, da wayoyi da suka bi bango suka rarrabu zuwa shagunan layin. Daga nan mai kemis da mai aski da sauran 'yan layi suke samun intanet. Gidan ma an ja masa waya ɗaya.

A tsakar gidan kuma akwai mangwaro. Matarsa ce ta shuka shi a gwangwanin fenti tana da cikin Auta, shi kuwa yana mata dariya, yana cewa tartsatsin walda kaɗai ya isa ya kashe shi. Ta ce masa, "Kai dai Kan-Ƙarfe ne, duk abin da ba ya tsatsa ba ka san darajarsa ba." Sunan ya bi shi, amma a bakinta kaɗai. Yanzu mangwaron ya zarce rufin shago, inuwarsa ta rufe rabin gidan.

Shekara ɗaya da rabi ke nan da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Magana ta dawo mata kaɗan-kaɗan, kalma biyu, uku, sai ta gaji. Kan-Ƙarfen nan kuwa bai sake jinsa ba tun ranar da ta faɗi. A ɗaki juya fuska take yi ga bango, abinci sai da lallashi. Amma in ya ɗauko ta da safe ya zaunar da ita a kujerar da ya ƙera mata a gindin mangwaron, sai ta zama wata daban. Tana cin abinci. Tana bin tsuntsaye da ido. Motsa hannun da likita ya ce ta riƙa yi, wanda take ƙi a ɗaki, a nan take yinsa ba wanda ya sa ta: ganye ya faɗo a cinyarta, ta yi ta fama da yatsun hannun daman har sai ta ɗauke shi. Mai Walda yana ganin wannan ta ƙofar shago. Bai taɓa ce mata ya gani ba.

Da la'asar Auta ta dawo daga aiki, ya tare ta a shago tun ba ta shiga ciki ba.

"Lauya, zo ki karanta mana. Ƙila gaisuwa suka aiko."

Ta ajiye jaka a kan benci, ta warware takardar. Tana kaiwa tsakiya ta ɗago kai.

"Baba, mangwaro ne."

"Me ya yi musu?"

"Wai ya tare musu kayan haɗa sadarwa. Sun ba mu kwana goma sha huɗu mu sare shi, in ba haka ba su turo masu sarewa."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ya tare musu kaya? Ko ganye ɗaya bai taɓa farantinsu ba, akwai taku shida a tsakani. Rufi na ba su haya, ban ba su tsakar gida ba. Ki rubuta musu haka, ki ƙara da cewa na gaishe su."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta shiga ciki ta ɗauko yarjejeniyar hayar rufin daga akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, ta dawo ta buɗe shafi na biyu.

"Nan wurin ana ce masa ma'anar kalmomi. Saurara. Kayan haɗa sadarwa na nufin faranti, da akwatin na'ura, da wayoyi, da bututun da wayoyin ke bi, da hanyar hawa rufi, da buɗaɗɗen sararin da saƙo ke bi tsakanin farantin da babban turken kamfani…"

"Tsaya! Sarari kuma? Iska ke nan?"

"Iska ke nan."

"Ke, Auta, shekara talatin da biyar ina sana'ar ƙarfe. Kaya shi ne abin da za ka ɗaga ka ji nauyinsa, in ya faɗo maka a ƙafa ka yi ihu. Yaushe iska ta zama kaya?"

"Ranar da ka sa hannu, Baba. A yarjejeniya, abin da aka rubuta cewa kalma tana nufi, shi take nufi. Da sun rubuta cewa kayan sun haɗa da inuwar shagonka, ka sa hannu, to sun haɗa. Ga sashe na tara kuma ya ce mai gida ba zai bar komai ya tare kayan ba."

"To me ya hana ki karanta mini wannan a lokacin?"

Ta dube shi tsaf. "Na fara. Ka ce in bar surutun 'yan boko, in faɗa maka shekara nawa ne da inda za ka sa hannu, mai ƙyaure yana jiranka."

Haka aka yi. Har ƙyauren ma yana iya tunawa, shuɗi ne mai ganye biyu.

Sun manta ƙofar baya a buɗe take. Da ya shiga zai ɗauke matarsa zuwa ɗaki, sai ta riƙe masa hannun riga da hannunta mai lafiya.

"A sare," ta ce.

"Wa ya tambaye ki, Uwargida?"

"Yara… waya."

Ya san abin da take nufi. Babban ɗansu yana aiki a wani gari mai nisa, duk ƙarshen mako yana kira ta bidiyo ta ga jikokinta biyu. Tun da aka fara ruwan bana hoton yake tsayawa cak, bakin yaro a buɗe, sai kiran ya katse.

"Na mutane ne," ta ƙara. "A sare."

Amma tana faɗa tana kallon saman bishiyar, ba shi take kallo ba, yatsunta kuma sun damƙe hannun kujera har jijiyoyin sun fito. Ya sunkuya ya ɗauke ta.

"Kin yi nauyi," ya ce. "Ba a sarewa."

Bayan kwana biyu injiniyar kamfanin ta zo. Mace ce mai matsakaicin shekaru, da hular kwano da takalmin aiki, gwangwanin jan fenti yana leƙowa daga jakarta. Ta gaishe shi, ta leƙa ta gaishe da matar gidan, Mama, a gindin bishiya, sannan ta kama tsani ta haye rufi kamar a kansa aka haife ta. Ya bi ta yana haki.

"Baba, riƙe wannan." Ta miƙa masa abin hangen nesa. "Tsaya a bayan farantin, ka duba inda yake kallo. Me ka gani?"

"Ganye."

"Matsa can gefen rufi ka sake dubawa."

Ya matsa. Can nesa, bayan rufin gidaje, ya hango dogon turken kamfanin, ja da fari.

"To, da wancan farantin nan yake magana," in ji ta. "Saƙon kamar igiyar magini yake, a miƙe, bai san kwana ba. Lokacin da muka kafa, igiyar tana wucewa ta saman bishiyar. Yanzu bishiyar ta girma, ta tsakiyarta take bi. In ganyen ya jiƙe da ruwa kuwa, sai abin ya tsaya gaba ɗaya. Mai kemis ya kira mu sau bakwai a watan nan."

Wannan ya fahimta. Igiyar awo ba ta yi masa ƙarya ba tunda yake.

"A rage rassan sama mana."

"In na rage duk inda ya tare, kututture zai rage da rassa biyu. Ba za ka samu inuwar da za ta rufe kujera ba."

Ya leƙa tsakar gida. Daga nan sama yana hango ɗankwalinta ta tsakanin ganye.

"In aka ɗaga farantin fa?"

Ta duba na'urar hannunta, ta yi 'yan danne-danne. "Mita biyar zai wuce ta sama, har da saura. Sai dai ba mu da turke irin wannan a ajiye. In na rubuta buƙata yau, wata shida ban ga amsa ba, mutanen layin nan kuwa ba za su jira ba."

"Ni zan ƙera. Kwana huɗu."

"Ba ma ɗora kayanmu a kan ƙarfen da ba namu ba, Baba. In ya faɗo a kan wani, wa za a kama?"

"Waldata ba ta faɗowa."

"Kowane mai walda haka yake faɗa."

"Su faɗa suke yi. Ni ki zagaya layin nan ki jijjiga ƙyauren da kika ga dama."

Ta yi murmushi ta girgiza kai. Suka sauko. A tsakar gida ta tsaya a gaban bishiyar, inda ya kamata ta shafa alamar wurin sara. Mama tana ta fama da wani ganye a cinyarta, ba ta ma ɗago ba. Injiniya ta daɗe tana kallon yatsun nan. Sai ta tura gwangwanin fentin can cikin jaka ta ja zif.

"Na manta fenti a ofis," ta ce. "Sai wani makon."

Da yamma Mai Walda ya jawo benci zuwa gindin bishiya, ya kira Auta ta zo da yarjejeniyar.

"Karanta mini. Daga farko har ƙarshe, har lambar shafi. A hankali, kamar mai ba jariri ruwa."

"Shafi goma sha ɗaya ne fa, Baba."

"Ina za ni?"

Ta fara. Ya ɗora hannu biyu a gwiwa, ya rufe ido kamar mai sauraron ƙarar inji. Ta zo kan ma'anar kalmomi, ta sake jero faranti da akwati da wayoyi da sararin nan da ya hana shi barci. Wannan karon bai katse ta ba, sai ta wuce.

"…da babban turken kamfani, da duk wani turke ko ginshiƙi ko mariƙi da mai gida ya samar, muddin injiniyan kamfani ya gwada shi ya amince a rubuce, wanda daga ranar zai shiga cikin kayan kamfani."

Ya buɗe ido. "Koma."

Ta koma.

"Wa ya samar?"

"Mai gida."

"Wane ne mai gida a nan?"

Auta ta zuba wa takardar ido, ta sa hannu ta rufe baki. "Baba! In ta gwada ta amince, ai ya zama nasu. Ba ƙarfen wani ba ne kuma."

"To me ya sa ba ki karanta wannan shekaranjiya ba, Lauya?"

"Ka katse ni! Ina kaiwa sarari ka ce in tsaya. Sau biyu ke nan kana katse ni a layi ɗaya, shekara huɗu a tsakani."

Ya waiwaya ya dubi matarsa ko za ta goya masa baya. Gefen bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga.

"Ci gaba," ya ce wa Auta. "Saura shafi tara."

Washegari Auta ta kira Injiniya ta karanta mata layin ta waya. Injiniya ta ce ita kanta ba ta taɓa lura da shi ba, don ba mai gidan da ya taɓa cewa zai ƙera musu turke. Ta kai wa lauyan kamfani, lauyan ya ce abin da aka rubuta ke nan. Ta aiko da zane da awo, ta ce sharaɗi ɗaya ne: in haɗi guda ya kasa gwaji, magana ta ƙare, masu sara za su zo.

Ƙarfen kuwa yana da shi. A jikin bangon baya akwai manyan bututu shida masu kauri da ba sa tsatsa, shekara tara suna kwance a kan bulo, an rufe su da tsohon kwano. Na rumfar gaban shago ne, don ya daina aiki a rana. Duk layin an san zancen rumfar nan. Da mai aski ya gan shi yana jawo su, sai ya fito da almakashi a hannu yana shafa sanƙonsa.

"Allah mai iko! Rumfar da ake ginawa tun ina da gashi, yau za a fara?"

"Ba rumfa ba ce. Kamfani zan ba."

"Kyauta? Kai da ko guntun waya ba ka bayarwa?"

"Koma ka ƙarasa wa mutum kansa, ka bar shi rabi kamar gonar gado."

A tsakar gida ya shimfiɗa aikin, don shagon ba zai ɗauki tsawon ba. Ya kafa kwano biyu a tsaye tsakanin wurin waldar da kujerarta saboda hasken kada ya taɓa mata ido. Ƙafa uku zanen ya nuna, da sanduna a gicciye, da faifan ƙarfe a gindi inda za a ɗaure da noti a kankare. Yana yanka, yana gurza baki, yana ɗiga walda ta riƙe, yana dawowa ya bi haɗin da sandar walda a hankali. In ya gama haɗi ya huce, sai ya buga masa guduma ya kasa kunne. Ƙarfen da ya haɗu da kyau amo ɗaya yake yi tun daga sama har ƙasa. Wanda bai haɗu ba kuwa, a maƙogwaro yake amsawa.

A rana ta biyu ya buƙaci mai riƙe masa bakin tef ɗin awo, Auta kuma tana ofis. Ya jawo bututun har gaban kujerar.

"Uwargida, zaman banza ya ƙare. Riƙe nan."

Ta miƙo hannun hagu.

"Wancan. Wannan hannun ba shi da sa'a a awo."

Ta harare shi. Ya ɗauki hannun daman ya ɗora yatsun a kan bakin tef ɗin, ya danna su a jikin ƙarfe, ya ja baya. Bai yi taku uku ba tef ya suɓuce ya bi shi da gudu, ya fyaɗe shi a yatsa.

"Kin gani? Za ki raunata ma'aikaci. Sake."

Sau huɗu yana suɓucewa. A na biyar ta cije leɓe, gumi ya tsatso mata a goshi, tef ya tsaya. Ya kai ƙarshen bututun, ya karanta lamba, ya ja layi da alli. Ya daɗe a sunkuye a can yana gyara layin da ba ya buƙatar gyara. Da ya ɗago sai ya ce hayaƙin walda ne ya shiga masa ido, alhali injin a kashe yake tun ɗazu.

Daga ranar duk awon da ya rage ita ta riƙe.

Ranar gwaji Injiniya ta zo da wasu gwangwanaye biyu. Ta fesa jan ruwa a kan kowane haɗi, ta goge, ta fesa farar hoda, ta ce in akwai tsaga ko rami komai ƙanƙantarsa jan zai fito. Haɗi ashirin da huɗu ne. Mai Walda ya tsaya ya harɗe hannu yana kallon sama, kamar abin bai dame shi ba. Ta wuce goma, ta wuce ashirin. A na ashirin da biyu ta durƙusa ta daɗe.

"Baba, zo ka gani."

Wani ɗigon ja ne a cikin farin, bai kai kan allura ba.

"Ƙura ce."

"Rami ne."

"Na buga masa guduma, ya amsa lafiya!"

"Guduma ba ta jin wannan."

Jininsa ya hau. Shekara talatin da biyar ba wanda ya taɓa nuna masa rami a walda. Ya buɗe baki zai faɗi abin da zai kori matar nan daga gidansa, sai idonsa ya faɗa kan kujerar. Matarsa ta daina motsi, tana kallon bakinsa. Ya haɗiye maganar.

"Kin ce in haɗi ɗaya ya kasa, magana ta ƙare," ya ce a hankali.

Injiniya ta duba agogo. "Ban rubuta komai ba tukuna. Zan je wajen mai kemis in duba wayarsa. Yana da surutu, zan kai awa guda."

Ya gurje haɗin gaba ɗaya har ƙarfe ya fito fari, ya sake bi, ya bar shi ya huce da kansa ba tare da ya zuba ruwa ba. Da ta dawo ta fesa, farin ya zauna fari. Ta gwada biyun da suka rage, ta sa hannu a takardarta.

Washegari ma'aikatan kamfani suka zo da igiyoyi, mai aski da mai kemis suka kama, aka ɗaga turken kan rufi aka ɗaure. Aka mayar da farantin can ƙololuwa. Injiniya ta duba na'urarta ta ɗaga babban yatsa. Sannan ta ciro jan fentin nan da ta ce ta manta, ta zana zobe a jikin turken, ta ce iyakar tsawon bishiyar ke nan, duk abin da ya wuce zoben a rage shi.

Ta kawo ƙarin takarda shafi biyu. Mai Walda ya ƙi karɓar biro sai da Auta ta karanta duka, ya sa ta koma sau biyu. Sannan ya ce a ƙara layi ɗaya: rage rassan aikin mai gida ne, ba wanda zai ɗora ƙarfe a kan bishiyar sai shi. Injiniya ta kira lauyansu, aka yarda, Auta ta rubuta da hannu, kowa ya sa hannu a gefe.

"Saura a rubuta ma'anar bishiya," in ji shi. "Kada gobe a ce ta haɗa da kujera."

A ƙarshen makon babban ɗansu ya kira. Hoton bai tsaya ba ko sau ɗaya. Ƙaramar jikar ta yi ta nuna haƙorinta da ya fita, Mama tana riƙe da wayar a gindin mangwaro, hannun hagu a ƙasa, na dama yana tallafe da gefe.

Bayan kwana uku da safe, ya zaunar da ita ke nan ya ɗaga kai, sai ya hango wani wuri a ƙafar turken, faɗin tafin hannu, inda igiya ta goge fenti lokacin ɗagawa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya shiga shago ya ɗauko gwangwani da buroshi, ya saɓa tsani. Auta tana ɗaura takalmi za ta fita.

"Baba, ina zuwa?"

"Fenti ya goge a can. Minti biyu."

"Ba ka da izini."

"Izinin wa? Ni na ƙera shi!"

"Kayan haɗa sadarwa ne yanzu. Sashe na shida, mai gida ba zai taɓa kayan kamfani ba sai da izini a rubuce. Na karanta maka, ka ce ka ji."

"Ƙarfena! Na rumfata! Shekara tara ina…"

"Sai dai in rubuta musu wasiƙa. In ƙara da cewa ka gaishe su?"

Ya tsaya a tsakar gida, tsani a kafaɗa, buroshi a hannu, baki a buɗe. Sai ya ji wani sauti a bayansa, kamar tari, kamar shaƙuwa. Ya juyo da sauri har tsanin ya bugi reshe. Dariya take yi. Kafaɗarta ɗaya tana rawa, hawaye yana bin kumatunta, tana nuna shi da hannun dama, yatsa a karkace amma a ɗage.

"Kan… Ƙarfe," ta ce.

Ya sauke tsanin a hankali ya jingina shi da bango. Ya ajiye gwangwanin.

"Me kika ce? Ban ji ba, injin nan ya kashe mini kunne."

"Kan-Ƙarfe."

"Lauya," ya ce, bai juya ba, "rubuta musu wasiƙar. Ki ce ba gaggawa."

Ya jawo benci ya zauna kusa da kujerar. A waje wani yana ƙwanƙwasa ƙofar shago yana kiran mai walda. Ya bar shi ya ɗan jira.